Shirun Cikin Auta

A gidanmu na Salaga ba a gama yi wa matafiyi sannu da zuwa sai an saurari cikinsa. Ka sauko daga mota, ka ajiye jaka, ka sha ruwa, sai Mma, mahaifiyarmu, ta janyo tabarma ta shimfiɗa a gindin dalbejiya ta ce kwanta. Ta ɗage maka riga, ta ɗora kunnenta a kan cibiyarka, ta rufe ido. Duk wanda ke tsakar gida sai ya yi tsit. Can sai ta ɗago ta ce, "Mutanen ciki suna lafiya," ko kuwa ta ce, "Suna ƙorafi, ka ci tsohon mai a tasha." Bayan nan ne za a tambaye ka hanya da waɗanda ka baro.

A wurin kakarta ta gaji abin, wadda aka ce haka take yi wa fataken goro idan sun sauka a unguwarmu. Mu da muka buɗi ido a ciki ba mu ga abin mamaki ba, sai da na yi wayo na shiga gidajen mutane na ga babu mai yi. Na taɓa tambayarta su wane ne mutanen cikin nan. Ta ce kowa da jama'arsa, a hanji suke zaune, su ke fara cin abinci kafin ya iso gare ka, in sun ji daɗi kai ma ka ji. Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ba ya da linzami, na ce to me ya hana su fitowa su taya mu shara? Na sha ranƙwashi a ranar.

Sana'ar Mma koko ce, da ƙosai a gefe. A ɗakinta akwai wata baƙar randa da ta girme ni, a ciki take zuba gasara bayan an niƙo gero an tace, ta rufe da faifai ta bar ta ta kwana ta yi tsami. Sabulu bai taɓa shiga randar nan ba. Kullum in ta kwashe sai ta bar ɗan ragowa a gindi, tana kiransa iri, shi ke tayar da sabuwar gasarar da za a zuba. Wata 'yar haya da muka taɓa yi, mai son a yabe ta da tsabta, ta sa soso ta wanke randar ƙal ranar da Mma ta tafi suna. Kokon da ya biyo baya ya fito salam, ba tsami ba ƙamshi, sai da Mma ta je wata unguwa ta roƙo iri a kofi wurin 'yar'uwarta. Kuma randar tana magana. Idan ka shiga ɗakin da rana tsaka, lokacin da unguwa ta yi shiru, za ka ji ta tana ɓul, ɓul, a hankali, kamar masu hira a bayan katanga. Ina yarinya ba na yarda in shiga ɗakin ni kaɗai.

Autanmu, wanda na goya a bayana, shi ne mai cikin da ya fi na kowa surutu. Shi ba sai an ɗora kunne ba. A sahun salla cikinsa ya sha sa samari dariya har liman ya yi musu faɗa bayan sallama. Ci kuwa Allah ya ba shi. In ya zauna gaban tuwo da miyar ayoyo sai ka tausaya wa kwanon. Nakan tsokane shi in ce mutanen cikinsa sun fi na kasuwar Salaga yawa, shi kuma ya shafa tumbi ya ce, "Yaya, hassada ce, naki 'yan kaɗan ne kuma duk mafaɗata."

Da ya zama saurayi sai ya tafi Bawku wurin wani dillalin shanu, abokin marigayi babanmu. Aikinsa bin shanu a bayan babbar mota zuwa Kumasi. Wanda bai sani ba zai ɗauka zama ne kawai. A kan katakon da aka gicciya bisa ƙahonni ake tafiyar, ido a buɗe, domin in saniya ta kwanta sauran za su tattake ta, dole ka dira cikinsu ka murɗa mata wutsiya ta tashi. Rana ta doke ka, ruwa ya doke ka, barci kuwa babu halinsa. A nan abokan aiki suka miƙa masa tiramol, ƙwayar kashe ciwo da suke ɓarewa su zuba cikin lemon gwangwani mai sa kuzari. Suka ce da ita ba gajiya ba yunwa. Duk wannan daga baya muka ji.

Ya dawo gida bayan wata babbar Salla, da azahar. Na gan shi tun daga ƙofa na ce, "A'a, ina ka baro sauran jikin?" Ya yi murmushi bai rama ba, shi da ba ya barin bashin tsokana ya kwana. Ya rame, idonsa yana ƙyalli, yana ta sosa hanci. Ya durƙusa ya gaida Mma da ladabin da ya yi yawa. Ta janyo tabarma.

Ta ɗora kunnen dama ta daɗe. Ta juya ta ɗora na hagu. A lokacin ta fara ɗan nauyin ji, amma muna ɗauka da gangan take yi, domin masu neman gyara a wurin koko su ne ta fi rashin ji. Muka jira ta ɗago ta yi irin maganar da ta saba. Da ta ɗago sai ta dube ni, ba shi ba, ta ce, "Zo ki ji."

Ban taɓa yi ba sai ranar. Na durƙusa na ɗora kunnena a kan cibiyar ƙanena. Fatar da ɗumi, cikin ya yi tauri kamar ganga. Ina jin bugun zuciyarsa daga can sama, a hankali, ina jin numfashinsa. A ƙasa kuwa babu komai. Muna yara mukan leƙa tsofaffin rijiyoyin nan na bayan gari mu yi ihu a ciki, ko ba komai rijiya takan mayar maka da muryarka. Wannan shirun bai mayar da komai ba. Tsigar jikina ta tashi, na ja da baya da sauri, na goge kunnena da gefen mayafi ba tare da na san na yi ba.

Mma ta ce, "Ba kowa. Sun tashi."

Auta yana kwance yana kallon ganyen dalbejiya, ya ce, "Mma, gajiya ce kawai."

A kwanakin da suka biyo baya muka ga abin da ake ciki. Ba ya cin abinci sai ya tsakura. Ba ya zagayawa, sai ya shiga makewayi ya daɗe ya fito yana gumi ba abin da ya yi. Da hantsi yakan fita ya dawo da fara'a da surutu, kafin la'asar ya koma wani mutum, a taɓa shi kaɗan ya hau faɗa. Ni na kama shi a bayan ɗaki yana ɓare ƙwayoyin a cikin gwangwani, na yi masa tas, na zage shi da duk abin da ya zo bakina, domin tsoro ne ya cika ni kuma ni tsorona da faɗa yake fita. Ya tsaya yana saurarona har na gaji, sannan ya ce, "Yaya, in ban sha ba kaina ne ke cin wuta daga ciki. Ba daɗi nake nema ba yanzu." Bayan 'yan kwanaki ya faɗi a tsakar gida da rana tsaka, jikinsa yana karkarwa, kumfa a baki. Bai taɓa farfaɗiya ba a rayuwarsa.

Mma ta yi nata lissafin. A ganinta mutanen ciki ba sa tashi haka kawai, sai in wani abu ya shiga ya zauna musu a gida. Ƙwayar nan ta taru ta yi datti a hanji, ta kore su. Magani shi ne a wanke cikin ƙal, in ya yi tsabta za su dawo. Ƙanenta, Kawunmu na Yendi, ya san wani mai wankin ciki da ake yabo, kuma gidan Kawu yana da doguwar katanga da ƙofa ɗaya. Aka sa Auta a mota, Mma ta rufe sana'a ta bi shi, ta bar mini randa da umarnin kada in bar ta da yunwa.

Ni ina koyarwa a makarantar firamare, sai da aka yi hutun ƙarshen mako na samu na bi su. Na isa Yendi rana ta take. Gidan Kawu, da na sani da hayaniyar jikoki, na same shi shiru, an kwashe yaran an kai maƙwabta. Matar Kawu ta tare ni da raɗa, ta zayyana mini yadda ake yi. Da safe a ba shi jiƙon sassaƙe mai ɗaci wanda ke sa gudawa. Da hantsi a yi masa bentuwa, wato a tura masa ruwan magani ta ƙasa. Sannan a ɓare kafso mai ja da rawaya, irin wanda ake saya a kemis don kashe ƙwayar cuta, a kaɗa a ruwa ya sha safe da yamma, domin kafso shi ke cinye datti. Haka ake yi tun ranar da suka zo, kuma mai maganin ya ce a ci gaba. Abinci kuwa shayi da burodi, sai farar shinkafa. An hana shi koko, an hana fura da nono, an hana daddawa, an hana duk abin da ya kwana ya yi tsami, saboda kowa ya san tsami yana karya magani. Ni ma haka na taso na ji, ban ga abin musu ba.

Yana ɗakin ƙurya, an rufe taga. A cikin zafin nan na same shi ƙudundune da bargo, ya juya wa ƙofa baya, yana fuskantar bango. Yana hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina na zuba, ƙafafunsa suna ta motsi kamar ba nasa ba. Na ce, "Auta, ni ce." Ya daɗe kafin ya juyo, da ya juyo kuma sai ya dube ni irin kallon da ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya ya shigo gida.

Ya ce, "Yaya, ki taɓa kaina."

Na taɓa. Sanyi ƙalau, da gumi.

Ya ce, "A waje ne. Ciki garwashi ne a ƙarƙashin toka. Tun da suka fara wanke ni ya ƙaru."

Ina tsaye sai na ji cikinsa ya yi ƙara, ƙulu-ƙulu, doguwa. Na yi murna na ƙwala wa Mma kira na ce sun dawo. Ta shigo ta ɗora kunne, ta danna sosai, ta ɗago tana girgiza kai. Ta ce, "Wannan ba magana ba ce. Ruwa ne ke bin kango." Da na sake saurara na gane abin da take nufi. Ƙarar jarka ce da aka bar rabin ruwa a ciki ana jijjigawa. Na fito na zauna a dakalin ƙofar gida na yi kukan da ban yi a gabansu ba.

Kafin mako ya zagayo ya haura katangar Kawu lokacin da maza suka tafi Juma'a. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba sai da damina ta yi nisa, aka kira ni a waya daga Bawku aka ce ya faɗi a kara, kasuwar shanu, yana asibiti.

Ni da Mma muka kama hanya. Tamale, Savelugu, Walewale, ga shingayen sojoji ana saukar da mu ana duba kaya. Duk tafiyar Mma ta rungume wata 'yar robar fenti da ta zuba iri a ciki, wai ba za ta sake barin sa a hannuna ba don na kusa kashe shi wancan karon. A bakin asibitin wani abokin aikinsa, dogo mai tabon ƙaho a kumatu, ya tare mu. Ya ce da irin Hausarsu ta can, "Mma ya sha hanya, sannu. Wallahi faɗi kawai ya yi gaban shanu, ba wanda ya taɓa shi kuraa, ko kaɗan. Tun da ya komo daga Yendi shi sha ninki biyu. Mu ce, cale, aboki, rage, shi ce wuta ya yi yawa."

Likitar da ke duba shi mace ce, ba za ta girme ni ba, Hausarta ta kasuwa ce amma tana fita sarai. Muna tsaye ta ɗage masa riga, ta ɗauki abin sauraron nan da suke ratayawa a wuya ta ɗora a kan cikinsa, ta rufe ido. Ni da Mma muka dubi juna. Ta matsar da shi gefe, ta sake matsarwa, ta daɗe, sannan ta ce hanjin ya yi barci, da ƙyar yake motsi, haka tiramol ke yi. Ta tambayi abin da aka taɓa ba shi. Na faɗa mata duka, da jiƙon da bentuwar da kafson, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana yi. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da na samu abin mayarwa. Ta janyo kujera ta ba Mma, ita ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Mma, cikin hanji akwai halittu ƙanana, ido ba ya gani, yawansu ya wuce lissafi. Kowa yana da su. Su ke taimaka narka abinci, su ke gyara bangon hanji."

Mma ta karkato kai ta ce mini, "Me ta ce?" Na maimaita da ƙarfi a kunnenta. Ta gyaɗa kai ta ce ai ta sani, a ci gaba.

Likitar ta ci gaba, ni ina maimaitawa. Ta ce irin wannan ƙwaya idan an daɗe ana sha tana tsayar da hanji, masu amfani a cikin halittun nan su ragu, marasa kirki su yi yawa. Bangon hanji ya yi rauni, abin da ya kamata ya tsaya a ciki ya riƙa tsiyaya cikin jini. Jiki ya ɗauka an kawo masa yaƙi, ya tayar da masu tsaronsa, hayaniyar ta kai har ƙwaƙwalwa, ta sa mata wani irin kumburi, ba wanda ake gani da ido ko a ji da hannu ba. Masu bincike suna zargin wannan kumburin yana cikin abin da ke sa ƙwayar ta daina isa sai an ƙara, yana kuma ƙara azabar da mutum ke ji in ya bari. Ta ce ba a gama sani ba, yawancin abin a kan dabbobi aka gani, kuma ƙwayar tana kama ƙwaƙwalwa kai tsaye ko da hanji lafiya yake. Na tuna garwashin da Auta ya ce yana ƙarƙashin toka, ranar da na taɓa goshinsa na ji sanyi.

Sannan ta ce, a hankali, tsayar da ƙwayar farat ɗaya, shi kaɗai, ya isa ya jefa mutum cikin abin da muka gani a Yendi. Shi kuwa kafso ba ya tambayar wane ne na kirki wane ne mugu. Wanda tiramol ya bari, kafso da gudawa sun share.

Na tsaya ban maimaita wannan ba. Mma ta ja mini zane ta ce, "Faɗa mini." Na faɗa mata, da ƙarfi, domin babu yadda za a yi a faɗa mata da raɗa, har masu jinya a sauran gadaje suka juyo. Ta dubi robar da ke kan cinyarta, ta dubi cikin ɗanta da ya lotsa. Ta ce, ba da kowa take ba, "Ban bar iri ba." Ta sake cewa, "Ni da ko randa ba na yi wa haka."

Likitar ba ta gane ba, na yi mata bayanin randar a taƙaice. Ta ce in faɗa wa Mma suna dawowa, sai dai a hankali, da abinci da lokaci. Ta kuma nuna ni da yatsa ta ce, "Amma kada ki je Salaga ki ce likita ya ce koko maganin tiramol ne. Za mu rage masa ƙwaya kaɗan-kaɗan, asibitin garinku su ci gaba. Koko abinci ne. Ku ba shi, da wake, da ganye, da nono, duk abin da ya iya ci."

Muka dawo da shi gida. Ba zan ce ya warke ba, likitar ma ta hana ni wannan kalmar. Yau yana nan Salaga yana tuƙa motokin, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, yana ɗaukar doya daga ƙauyuka, ya taɓa zamewa ya sake tashi, kuma har gobe in na ga yana sosa hanci gabana faɗuwa yake. Amma watannin farkon nan su ne ba na mantawa. Wata rana ya wuni yana kallon bango, wata rana ya roƙe ni da girman Allah in bar shi ya je tasha ya dawo, in na hana ya kira ni da sunayen da ban san ya iya ba. Ni ma ban raga masa ba, maƙwabta sun sha kallo.

Mma ce ta fi ba ni tsoro. Ba ta koma sana'a ba. Koko take damawa kofi ɗaya, na Auta, ta tsaya a kansa sai ya shanye. Kullum bayan azahar ta shimfiɗa tabarma, ya kwanta, ta ɗora kunne, ta ɗago ta ce, "Shiru." Sai ta fara yi musu magana. Ranar da na fara ji na dawo daga makaranta ne, gidan ba motsi, na jiyo muryarta ƙasa-ƙasa a gindin dalbejiya, irin muryar da ake biko da ita. Na leƙa na ga Auta ya rufe fuska da hannu, ita kuma ta kai bakinta daf da cibiyarsa tana cewa, "Ku yi haƙuri. Ni na kore ku, ba shi ba. Gidan yana nan, an gyara. Ku dubi girman Allah ku dawo." Daga ɗakinta randa tana ta ɓul, ɓul. Na tsaya a zaure da jaka a kafaɗa, na kasa shiga gidan ubana.

Ta rame fiye da shi. In na kawo mata abinci sai ta ce ta ƙoshi. Shi kuwa a hankali ya fara neman ƙari, ya fara zagayawa kamar kowa, wata rana har ya ce miyata ta yi gishiri, na ji daɗin wannan rainin fiye da yabo. Na faɗa wa Mma yana samun sauƙi. Ta ce ita ba ta ji komai ba, kuma ba ta yarda da abin da ba ta ji ba.

Ranar wata Asabar, bayan an girbe gero, ina wanki a bakin rijiyar gida, su suna gindin dalbejiya kamar kullum. Abincin rana ya yi latti saboda ni ce da girki kuma na tsaya wankin. Sai na ji shi. Daga inda nake, da faɗin tsakar gida a tsakaninmu, na ji wannan tsohuwar ƙarar da ta sha sa samari dariya a masallaci, doguwa, mai hawa da sauka, ta yunwa tsantsa. Sabulu ya suɓuce mini. Auta ya buɗe ido ya dube ni.

Mma tana durƙushe, kunnenta a manne da cibiyarsa, idonta a rufe. Cikin ya sake yin ƙara a ƙarƙashin kumatunta. Ta ɗago a hankali ta sauke masa riga, ta ce, "Shiru har yanzu."

Na ce, "Mma, ga su nan suna magana!"

Ba ta juyo ba. Na matso bayanta na sake faɗa da ƙarfi. Ba ta juyo ba. Sai a lokacin na gane cewa na daɗe ina yi mata magana da ihu da nuni ban lura ba, kuma ban san tun yaushe cikin yake amsa mata ba, ko kwana nawa ta yi tana ba su haƙuri suna nan zaune. Na zagayo gabanta, ta karanci bakina, ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo ta ce, "Lallashina kuke yi."

Hannuna duk kumfa na kama nata, wanda zafin tukunya ya ƙona shekara da shekaru, na ɗage rigar na shimfiɗa tafinta a ƙasan cibiyarsa na danne da nawa. Muka jira. Auta ya riƙe numfashi. Can sai abin ya motsa, ya gangara daga wannan gefe zuwa wancan a ƙarƙashin hannuwanmu.

Mma ta ƙame. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi shi ba. Ta gyara ɗankwalinta da ɗaya hannun, ta gyara durƙuso irin na gaida manya, ta sunkuya ta ce wa cikin, "Maraba. Sannunku da zuwa. Kun sha hanya."